Kulu Mai Kwalba da Takalmin Maza

Duk wadda ta ƙara ce wa Kulu "mai fitsari" a gabana, ta shirya jin abin da ba ta so. Na faɗa a gidan biki, na faɗa a Islamiyya, yanzu ga shi na rubuta, tunda wasu ba sa yarda da magana sai sun gan ta a takarda.

Sunanta Hauwa'u, ɗiyar Malam Babaji marini na Ƙofar Ƙaura, mutumin da har ya koma ga Allah hannuwanshi ba su dawo kalar hannun mutane ba. Tun tana 'yar shekara shida ita ke kai mashi fura bakin ramukan rini, ta zauna ta hana shi aiki da tambaya. Shi ya koya mata cewa shuɗi ba ɗaya ba ne, kore ma ba ɗaya ba ne, kuma kalar da zane ya fito da ita daga rami ba ita zai kwana da ita ba. Wannan idon shi ne kaɗai gadon da ta samu, don ramukan tuni aka cike su aka gina shaguna a kai.

Tare muka yi sakandaren 'yan mata. Ba zan yi mata ƙarya don tana ƙawata ba, Kulu ba ta ja a aji. Ita da lissafi ba sa ga-maciji. A aji huɗu ta ce boko ya ishe ta, ta auri Isiyaku direba, wanda dama ta daɗe tana leƙen motarshi ta saman katangar makaranta.

Cikinta na fari shi ya sauya mata rayuwa. Ƙafafu suka kumbura, fuska ta cika, zobe ya ƙi fita. Tsofaffi suka ce namiji ne, wasu suka ce zaƙi ne ya yi mata yawa, aka yi ta ɗura mata jiƙo. Ita kuwa kunyar cikin fari ta hana ta faɗa wa kowa cewa kanta kamar zai tsage. A wata na takwas jijjiga ta kayar da ita a tsakar gida. Aka ce iska ce, aka yini ana hayaƙi da tofi. Kafin a kai ta asibiti yaron ya tafi, ita kuma ta taune tsinin harshenta. Daga baya Allah ya ba ta 'ya'ya huɗu, amma har yau maganarta na fita da ɗan tsamin baki.

Bayan rasuwar Isiyaku ta samu aikin shara a wani ƙaramin asibitin awon ciki. Daga shara aka mayar da ita bakin ƙofar bayi, aka ba ta kujera 'yar tsugunno da faranti cike da ƙananan kwalabe. Shekara goma sha tara ke nan tana wurin. Ta miƙa wa mace kwalba, ta rubuta lamba, mace ta shiga ta kawo fitsari, a tsoma wani ɗan tsinken takarda a ciki. In ya tsaya a rawaya, lafiya lau. In ya fara komawa kore, to furotin na zuba cikin fitsarin, wato sinadarin nan mai gina jiki da ya kamata ya tsaya a cikin jini. A ƙa'ida ma'aikaciyar jinya ce ke karanta kalar. A zahiri Sista Khadijat, mai kula da wurin, sai ta ɗaga tsinken ta karkata kai, ta ce, "Inna Kulu, ya kika gani?"

"Wannan koren ganyen zogale ne, a ƙara duba ta mako mai zuwa. Wancan kuwa ya kai kuka, a auna jininta yanzu."

Yadda take yi wa mata bayani ya fi na likitoci shiga kunne. "Ƙoda rariya ce," in ji ta. "Rariya mai kyau ruwa take saki ta riƙe tsaki. In jini ya hau ya buɗa mata ido, sai tsakin ya bi ruwa. Shi nake nema, ba wai ƙamshin abinku ne ya dame ni ba."

Akwai masu gardama, musamman manyan mata. Na taɓa gani da idona wata Hajiya mai haƙorin Makka ta ture kwalbar da bayan hannu, ta ce ita haihuwarta bakwai ba wanda ya taɓa tambayarta irin wannan abu. Kulu ta miƙe tsaye, ta matso kusa, ta zaro mata guntun harshen nan har ƙarshe. Hajiya ta ja da baya tana salati.

"Ni ma ba wanda ya tambaye ni, Hajiya," in ji Kulu. "Bismillah, ga kwalba."

Zaman 'yar tsugunno ya koya mata wani abu kuma. Kulu ba ta cika riƙe fuskar mutane ba, ƙafafunsu ta sani. In kun haɗu a hanya sai ta fara gaida takalminki kafin ta ɗago ta gaishe ki.

Bara waccan wani matashin likita, Dokta Salahuddeen, ya zo daga jami'a da firiza da tarin takardu, ya ce bincike zai yi. Ya tara masu awo a rumfa ya yi masu bayani. Ya ce wannan hawan jini na masu ciki, wanda ke kai mace ga jijjiga, ana ganin tushenshi daga mabiyiya yake, in ba ta kama jikin mahaifa da kyau ba sai ta riƙa sakin wasu sinadarai cikin jini. Ya ce furotin iri-iri ne, ba a san adadinsu ba, shi kuma yana neman waɗanda za su tona asirin ciwon tun kafin jini ya hau, tun kafin ƙafa ta kumbura. Duk wadda ta yarda za ta sa hannu, ta riƙa ba da jini kaɗan da fitsari, a ajiye a firiza.

Wata daga baya ta ɗaga murya: "Likita, firizar da muke nema mu sa zoɓo ba mu samu ba, ita za a cika da wannan?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Wata ta tambaya ko su daina cin wake da ƙwai, tunda an ce nan furotin yake. Bawan Allah ya yi ta gumi yana cewa a'a, su ci, ba daga nan matsalar take ba. Kulu ce ta cece shi. Ta ce, "Ku bar yaro ya yi aikinshi. Ni sai rariya ta yage nake gani. Shi so yake ya gane tun tana shirin yagewa." Mata suka sa hannu.

To, ranar wata Talata, wata mai suna Jamila, mai tuyar awara a Ƙofar Guga, ta zo awon cikinta na biyar. Kulu ta miƙa mata kwalba, Jamila ta ce ita ta yi a gida, babu ko ɗigo. Kulu ta ce ta sha ruwa ta jira. Jamila ta ce ta bar waken suya a jiƙe. Ta dai karɓi kwalbar ta shiga bayi tare da wata 'yar rakiya mai dogon hijabi da niƙabi da ke riƙe mata jaka. Ko minti biyu ba a yi ba ta fito da kwalba a cike. Aka auna jininta lafiya lau, ta yi gaba abinta, ba ta jira sakamako ba.

Da aka tsoma tsinke, bai tsaya a zogale ba, bai tsaya a kuka ba. Ya wuce har ya fara neman shuɗi.

Dokta Salahuddeen ya zo ya duba, ya ƙara dubawa. Mace ba hawan jini, ba kumburi, amma furotin kamar an zuba da ludayi. Ya ce ko dai ƙodarta ce ke da wani ciwo daban, ko kuma irin abin da yake nema ne ya kawo kanshi. Har wani murmushi yake. Ya ce a kira ta ta dawo Alhamis, ya liƙa lamba ya kai firiza da hannunshi.

Kulu ta bi shi har bakin firizar. "Ɗana, wannan fitsarin ba na Jamila ba ne."

"Inna, ga lambarta a jiki. Lamba ba ta ƙarya."

"Lamba ba ta yi, amma mata suna yi. Ƙafar Jamila kamar muciya take. Wadda ta rako ta kuwa takalmin maza ne a ƙafarta, kuma duk girmanshi naman ƙafar ya tumbatso ta gefe. Mace ba ta fitowa unguwa da takalmin miji sai nata sun ƙi shiga. Mai wannan kwalbar tana yawo a gari yanzu, ba ta da kati, ba wanda ya taɓa auna jininta, kuma ban sani ba ko za ta kai Alhamis a tsaye."

Sista Khadijat ta kira lambar wayar da ke katin Jamila, a kashe. Kulu ta zuba kwalba biyu da tsinkaye a jaka, ta yafa mayafi, ta bar kujerarta da tsakar rana, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta iske Jamila a zaure gaban kasko. Aka gaisa, aka tambayi maigida da yara da kasuwa da gajiyar ɗazu. Sannan Kulu ta ajiye kwalba kusa da tiren awara.

"Ƙara mani."

"Haba Inna, ai na bayar."

"Kin bayar, ya yi kyau ƙwarai, shi ya sa likita ke son ƙari."

Jamila ta shiga ciki tana gunaguni, ta dawo. Kulu ta tsoma tsinke a gabanta. Rawaya, ko gezau. Ta zaro na safe daga cikin leda ta jera su a tafin hannu.

"Ɗiyar nan, ubana marini ne. Rami ɗaya ba ya ba da kala biyu a yini ɗaya. Na wa kika kawo mani?"

Jamila ta fara juya awarar da ba ta isa juyi ba. "Inna, fitsari ai fitsari ne. Ko gishiri ana ara a maƙwabta. Ni sauri nake, ita kuma dama ya matse ta."

"Gishirin da kika aro na mai mutuwa ne in ba a same ta yau ba. Wace ce?"

Nan Jamila ta saki matsami. Ta ce amaryar gidan da ke kallon nasu ce, Ummi matar Sagir tela. Cikin fari ne, ya kai wata bakwai, tana ta ɓoyo. Dama ta biyo ta ne da niyyar yankar kati, amma da ta hango wadda ke zaune bakin ƙofar bayi sai ta ja niƙabi ta ce ta fasa, wai ƙawar mamanta ce. Daga asibiti kuma ba ta dawo gida ba, ta ce kanta na ciwo, za ta wuce gidansu a Ƙofar Marusa.

Gidan nan na Ƙofar Marusa gidana ne. Yarinyar ɗiyata ce ta fari.

Wanda ba ɗan nan ba sai ya ce wace irin uwa ce wannan. To mu haka muka tashi. Ɗan fari ba a kiran sunanshi, ba a yi mashi wasa gaban mutane, cikin fari kuma uwa ba ta ganinshi ko da zai riga mai shi shiga ɗaki. Yarinyar ta shigo mani da azahar ta ce gaisuwa ta zo, ta wuce ɗaki ta ɗaure kai da ɗankwali ta kwanta. Na ga fuskar kamar alkubus. Na ga takalmin mijinta a bakin ƙofa. Na yi sakandare, na san abin da ake faɗa a rediyo. Amma abin da na iya yi shi ne na dafa jiƙon zaƙi na ajiye a bakin ƙofa, na ce wa iska, "Ga wani abu nan in akwai mai sha."

Ina cikin tsintar shinkafa Kulu ta faɗo gidan. Shekara arba'in muna tare, ranar ce kaɗai ta yi sallama ba ta tsaya gaisuwa ba. Idonta na ƙasa.

"Halima, takalmin wane ne wannan?"

"Na baƙi ne."

"Baƙuwar, cikin wata nawa gare ta?"

"Ke Kulu, ki ji tsoron Allah. Ni ce zan san wannan?"

"A'a, ni ce zan sani, tunda ni na haife ta." Ta sa ƙafa ta ture kwanon jiƙon, ya kife. Sannan ta juyo ta zaro mani harshen nan, ni da nake wurin ranar da ta taune shi. "Kunyar da ta ci mani wannan ita kike dafa wa ɗiyarki? Ɗauko mayafinki."

Ta shiga ɗakin, ina jin su daga tsakar gida.

"Ummi, tashi zaune. Ni kika rufe wa fuska ɗazu? Ni da na yi maki wankan jarirai? Kin ɓoye fuska kin bar mani ƙafa, ai ba ki san ni ba. Kina ganin wani abu na gilmawa a idonki?"

"Wasu 'yan ƙyalƙyali, Gwaggo."

"Nan ƙasan haƙarƙari fa?"

Ban ji amsa ba, sai na ji Kulu ta ce, "To, tashi."

Na ce ai sai a nemi izinin mijinta. Kulu ta karɓi wayar yarinyar ta kira shi da kanta. "Sagir, Gwaggo Kulu ce. Ba izini nake nema ba, sanarwa ce. Ka same mu asibiti." Ya riga mu isa, da silifas ɗin wanka a ƙafarshi, don tun safe yake neman takalminshi bai gani ba.

Sista Khadijat ta auna jinin, ta sake aunawa, ta aika a kawo wani ma'aunin ko wannan ya lalace. Bai lalace ba. Nan take aka yi mata allurar hana jijjiga, aka sa mu a mota zuwa babban asibiti, Dokta Salahuddeen na gaba yana ta waya. Likitar da ta karɓe mu ta ce da an ƙara kwana ɗaya ko biyu, labarin da za a ba da daban ne.

Kwana tara aka riƙe ta ana lallaɓa jinin, ana yi wa abin da ke cikin allurar ƙarfafa huhu. Rana ta goma jinin ya ƙi jin magani, aka ce sai a ciro. Da aka turo ta a gado za a shiga da ita, ga surukai tsaye, ga uwar mijin, ga kowa, sai na ji bakina ya kira sunanta na yanka, da ƙarfi. Shekararta ashirin da biyu ba ta taɓa jin shi daga bakina ba. Ta juyo tana neman wanda ya yi maganar. Kulu da ke gefena ta ce, "Au, ashe kin san sunan."

Aka ciro ɗiya mace, 'yar mitsitsiya, kamar a sa ta a aljihu. Ta yi mako uku a kwalbar jarirai. Kulu ta ce ba komai, duk abin da ya shiga kwalba a hannunta yake.

Shi kuwa likita, da ƙura ta lafa ya je ya nemi sa hannun yarinyar, ya kankare lambar Jamila daga jikin kwalbar nan. Sannan ya roƙi Kulu ta zauna da shi su bi littafinshi kaf. Ta riƙa tuno mashi: wannan da ƙanwarta ta shiga, waccan ta fito da wuri fiye da kima, waɗannan biyun kuwa maƙwabta ne, kuma kalarsu ta yi kama da yawa. Kwalba goma sha ɗaya ta sa ya fitar daga firiza. Ya riƙe kai ya ce wata shida na aikinshi ke nan. Ta ce, "Yi haƙuri ɗana. Kai ka karanta furotin, ba ka karanta matan Katsina ba." Tun daga ranar mace ɗaya ke shiga bayin nan, 'yar rakiya kuma ta tsaya gaban Kulu a duba ƙafarta. An kama uku da wannan dabarar, duka cikin fari.

Binciken har yanzu bai ƙare ba, ya ce irin wannan aiki shekaru yake ci. Da aka yi taron cika shekara da fara binciken, manya suka yi ta godiya, har wanda ya kafa sola sai da aka tafa mashi. Likita dai, Allah ya yi mashi albarka, ya miƙe ya kira sunanta cikakke, Hauwa'u Babaji. Aka waiga ba ta nan. Ranar awo ce, tana kan kujerarta.

Abin da ke ƙona mani rai ba na manya ba ne, namu ne. Matan da ta tsamo 'ya'yansu su ne in ta zo biki ke ware mata kwano, wai hannunta. Kuma tunda na ce gaskiya zan rubuta, ni ma akwai wani kofin roba ja da na yi shekaru ina ajiye mata shi daban a bayan randa, ina ce mata don ya fi sanyaya ruwa. Ta sani sarai, ba ta taɓa cewa komai ba. Na jefa shi a shara ranar da muka dawo daga asibiti. Da ta zo na ba ta ruwa a kofina, ta juya shi ta ce, "Ina nawa? Wannan bai kai shi sanyi ba."

An raɗa wa jaririya suna tun tana asibiti, Hauwa'u, amma taron sai da aka sallamo su aka yi. Na shimfiɗa wa Kulu darduma a ƙuryar ɗaki kusa da manyan baƙi, ta ƙi. Ta jawo 'yar tsugunno ta zauna bakin ƙofa cikin tarin takalman mata, tana amsa gaisuwa kanta a sunkuye. Na kai mata takwararta, ta karɓa, ta buɗe zanen ta fara duba ƙafafun. Sannan ta ce a kira mata mai jego, ta zo da takalmanta na aure, masu igiyar nan da ta daina sawa tun cikin na wata biyar.

Yarinyar ta kawo su tana rufe fuska. Kulu ta ajiye su a ƙasa ta ce, "Sa in gani."

Ta zura ƙafar dama, ta shige. Ta zura ta hagu, ta shige, har da sauran wuri a dunduniya. Kulu ta sa yatsa ta danna saman ƙafar, ta ɗauke, ta jira ta ga ko zai bar rami. Bai bari ba.

"To, madalla," in ji ta. "A mayar wa Sagir nashi. Halima, yanzu kawo mani tuwon."